Tsutsar da ba ta taɓa zama a haƙori ba

Idan ciwon haƙori ya taɓa hana ka barci, da wuya a ce ba wanda ya ce maka tsutsa ce ke ci. Wannan magana ta girmi kakannin kakanninmu. A allunan yumɓu na mutanen Babila, ƙasar Iraƙi ta yau, akwai wani tsohon surkulle da ke ba da labarin tsutsar da ta roƙi a zaunar da ita tsakanin haƙori da dasashi. Ba a raina hankalinsu ba, domin ramin da ke cikin ruɓaɓɓen haƙori ya yi kama da ɓarnar gara a jikin itace.

A ƙarni na 1 Miladiyya, likitan Rum Scribonius Largus ya rubuta maganinta: a turara baki da hayaƙin ƙwayar banju, wani tsiro ɗan uwan zaƙami. Hayaƙin na bugarwa, sai zafin ya lafa, ƙwayar kuma idan ta fashe a wuta takan fitar da ɗan farin zare mai kama da tsutsa. A ƙarni na 13, Al-Jaubari ɗan Dimashƙa ya tona asirin 'yan damfarar da ke ɓoye tsutsar 'ya'yan itace, su nuna wa mai ciwo a matsayin wadda suka ciro. A 1728, Pierre Fauchard na Faransa ya rubuta cewa ya duba ruɓaɓɓun haƙora da madubin ƙara girma bai ga tsutsa ba.

To me ke cin haƙorin? Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Balin, ya ba da amsa a littafinsa na 1890. Ya haɗa haƙoran da aka cire da miyau da burodi ko sukari, ya ga sun soma zaizayewa. Ƙwayoyin bakteriya da ke baki su ke cin sukarin, su fitar da asid, asid ɗin ya narkar da ɓawon haƙori. A 1924, Kilian Clarke a Landan ya ware ɗaya daga cikin manyan masu laifin, ya sa mata suna Streptococcus mutans.

Saura tambaya guda: yawan sukari ne matsalar, ko yawan cinsa a kai a kai? An samo amsar ta mummunar hanya. A asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin, daga ƙarshen shekarun 1940, an riƙa ɗura wa masu taɓin ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo ba da yardarsu ba, haƙoran da yawansu suka lalace. Sakamakon da aka buga a 1954 ya nuna sukarin da aka ci tare da abinci bai kai wanda ake tsotsa tsakanin abinci ɓarna ba. Dalili kuwa, duk sanda zaƙi ya shiga bakinka, asid kan tashi cikin 'yan mintoci, miyau kuma na buƙatar kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ya wanke shi.

Ka ga ke nan, mai kurɓar shayi mai zaƙi tun hantsi har la'asar, ko mai jefa alewa ɗaya bayan ɗaya, ba ya ba miyau sararin gyara. Ka haɗa zaƙinka da lokacin cin abinci. Ka goge baki sau 2 a rana da man da ke da fuloraid, musamman kafin kwanciya, domin miyau na raguwa da dare. Aswaki ma na kankare dattin, in dai ka bi kowane lungu.

In kuwa rami ya riga ya buɗe, hayaƙi ba ya cike shi. Wani lokaci ciwon kan ɗauke ne saboda jijiyar ta mutu, ruɓar kuma ta ci gaba zuwa saiwa har fuska ta kumbura. Ka je wurin likitan haƙori tun ramin na ƙarami, lokacin da ciko ya isa, kafin a kai ga cirewa.