Yadda Maƙaryaci Ke Komawa Ya Gaskata Kansa

A shekarar 1959 masana halayyar ɗan'adam biyu, Leon Festinger da James Carlsmith, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka. Sun ba ɗalibai aiki mai gundura na sa'a guda, sannan suka roƙi kowannensu ya gaya wa mai jiran layi cewa aikin na da daɗi. Wasu aka biya su dala 20, wasu dala 1. Da aka nemi ra'ayinsu daga baya, 'yan dala 1 ne suka fi cewa lallai sun ji daɗin aikin.

Wanda ya karɓi dala 20 ya san kuɗi ne suka sa shi ƙarya, don haka gaskiya na nan daram a zuciyarsa. Mai dala 1 kuwa ba shi da mafaka. Ya yi ƙarya a banza, alhali yana kallon kansa mutumin kirki, kuma abubuwan nan biyu ba sa zama lafiya a zuciya ɗaya. Sai ya gyara ra'ayinsa ya dace da harshensa. A ganina wannan ya fi ƙaryar farko muni, domin mai yaudarar wasu na iya tuba, amma wanda ya yaudari kansa bai ga laifin da zai tuba daga gare shi ba.

Game da halaccin ƙarya kuwa, masanin falsafa Immanuel Kant, a 1797, ya haramta ƙarya ko da ga mai kisan kai da ke neman abokinka. Ya tsaurara da yawa. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ya yi rangwame a wajen yaƙi, da sulhunta mutane, da tsakanin ma'aurata, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rataya hukuncin a kan manufa da larura. Na fi gamsuwa da wannan. Sai dai wa ke tantance larurar? Mai ƙaryar ne da kansa, shi ne alƙali, shi ne mai amfana. Gazali ya hango haɗarin, har ya keɓe wa ruɗin kai babi guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddin.

Duk mai shirin fakewa da rangwamen nan, ya fara kai hujjarsa gaban wanda ba shi da riba a cikin maganar.