Turancin da Ya Shigo ta Kasuwa: Nazarin Ƙirar Kalmomin Ingilishi a Hausar Briqueterie da Mokolo, Yawunde

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda kalmomin Ingilishi da ƙirarsu ke aiki a bakin Hausawan unguwar Briqueterie da kasuwar Mokolo a Yawunde, da kuma a saƙonninsu na waya. Ta nuna cewa yawancin abin da aka aro bai biyo ta aji ba. Ya biyo ta Hausar Nijeriya, da Turancin buroka, da rediyo, kuma kowace ƙofa ta bar tambarinta a jikin kalmar.

Shimfiɗa

Mokolon da ake nufi a nan ita ce babbar kasuwar da ke gundumar Yawunde ta biyu, ba garin Mokolo na Arewa Mai Nisa ba. A maƙwabtanta Briqueterie take, unguwar da ta samo suna daga kalmar Faransanci mai nufin wurin yin tubali, wadda mutanen gari suka fi sani da unguwar Hausawa. Fatake ne suka kafa tushenta, waɗanda suka gangaro ta Banyo da Tibati da Yoko tun zamanin Jamusawa. Yau teloli da masu shadda da masu tsire da kilishi ne suka cika ta. Tsiren nan ma ya ba Faransancin Kamaru kalmar "soya", don haka aron ba hanya ɗaya yake bi ba.

A takarda, Ingilishi da Faransanci matsayinsu ɗaya a Kamaru tun haɗewar yankin masu Faransanci da na masu Ingilishi a ranar 1 ga Oktoba 1961, kuma dokar harsunan hukuma ta Disamba 2019 ta sake jaddada haka. A titin Yawunde kuwa Faransanci ne mai gari. To ta ina Ingilishi ya sami shiga bakin mai tsiren da bai taɓa zama a ajin Turanci ba? Tambayar ke nan. An bi ta ta hanyar sauraron magana a wuraren ciniki, sannan aka auna abin da aka ji da bayanin aro da ke nahawun Paul Newman na 2000 da ayyukan Jean-Paul Kouega a kan Kamfaranglai, gaurayen harshen matasan birni.

Tsohon kaya daga Nijeriya

Rukunin farko ya iso a ƙere. Mota, tebur, bokiti, burodi, kafinta, yadi, waya: duk an gama sa musu rigar Hausa a Kano da Zariya kafin su tsallako. An raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, an ba su jinsi, an ba su jam'i, har muna da motoci da wayoyi. Telan da ya ce wa yaronsa, "Kai, auno wa Hajiya yadi biyar," bai san ya taɓa Turanci ba, kuma ba shi da dalilin sani. Abin lura shi ne waɗannan kalmomi sun zauna a garin da Faransanci ke mulki, alhali a Maraɗi da Damagaram Hausa ta ɗauki irin su lakwal da zandarma da kamiyo daga Faransanci. A ganina, igiyar fatauci da aure da karatun allo, da finafinan Kano a baya-bayan nan, su suka riƙe su.

Buroka da abin da ta haifa

Nan ne ƙoshin nazarin yake. Buroka ta girmi mulkin Jamus a gaɓar tekun Kamaru. Alfred Saker ya kafa Victoria, wato Limbe ta yau, a 1858, kuma bayan 1884 Jamusawa da kansu sun yi amfani da buroka a gonakinsu. Da aka raba ƙasar tsakanin Ingila da Faransa a 1916, ba ta bar kasuwannin ɓangaren Faransa ba. Rikicin yankunan masu Ingilishi da ya taso a ƙarshen 2016 kuma ya ƙaro masu jin ta a Yawunde.

Abin da buroka ke bayarwa dunƙulallen zance ne, sau da yawa jimla guda da ta daskare ta zama suna. Matan da ke saro kayan gwari su sayar ana ce musu "bayam-salam", wato sayo shi, sayar da shi. Babur na haya "benskin" ne, daga zancen da ke nufin lanƙwasa jiki. Rumfar buga waya "kolbos" ce. Akwai kuma ɗafa-ƙeyar "man" da ke ƙera sunan mai sana'a, kamar "taksiman", da "feman" wanda ya bazu a shekarun 1990 da ma'anar ɗan damfara.

Hausa ba ta karɓar wannan ɗafi hannu bibbiyu, domin tana da nata ma'aikacin a gaba: ɗan, 'yar, 'yan, mai. Bafaranshen baki zai ce "benskineur", ya liƙa ɗafinsa a ƙeya. Bahaushe kuwa ɗan benskin yake cewa, a ƙirar ɗan acaba da ɗan kabu-kabu. Gangar kalmar daga Ingilishi take, amma ginin na gida ne.

A dubi ciniki ɗaya a gaban tukubar tsire da magariba. Saurayi ya tsayar da babur, ya ce da Faransancin titi a ba shi na "fap san". Mai tsire ya waiga wurin yaronsa ya ce, "Yanka masa na fap, ka sa yaji da albasa." Da wani dattijo ya matso, sai murya ta sauko: "Sannu da zuwa, Baba Alhaji, na nawa za a sa?" Wannan "fap" ita ce biyar ta Ingilishi, ta bi ta buroka, ta haɗu da ɗari ta Faransanci, ta zama sefa 500, kuɗin da Bamaraɗe zai kira dala ɗari. A bakin mai tsire har ɗarin ta faɗi, kalmar ta shiga bayan "na" kamar kowane sunan kuɗi. Amma ba a yi wa dattijon ita ba. Aron yana da shekarun da yake bi, kuma ladabi ne ke tsaron ƙofarsa.

Aikatau da "yi"

A Kamfaranglai, gaurayen da matasan Yawunde da Duwala ke yi, ana dasa aikatau na Ingilishi tsirara bayan wakilin suna na Faransanci, a ce "je go" ko "tu know". Hausa ba ta yarda da haka cikin sauƙi, saboda aikatau ɗinta yana da rukunoni, bakwai a tsarin F. W. Parsons na 1960, kowanne da wasalinsa na ƙarshe da karin sautinsa. Mafitarta ita ce ta mai da baƙon suna, ta sa "yi" a gabansa: yi caji, yi fakin, yi rajista, yi oda. Kaɗan ne suka sami cikakken zama, kamar canji da ya haifi canza da canzo. Ramin nan na bayan "yi" ba ya tambayar asali. Inda Bakano zai ce "yi mini filashin", ɗan Briqueterie zai ce "yi mini bip", ya zuba Faransanci a mazubi ɗaya.

A rubuce

Yawancin 'yan unguwar da suka yi boko da Faransanci suka yi, don haka da ƙa'idarsa suke rubuta Hausa a WhatsApp: "ou" a madadin u, "ch" a madadin sh, "tch" a madadin c, "dj" a madadin j. Sai ka ga caji ya fito "tchadji". Kalma ce ta Ingilishi, da lafazin Hausa, cikin haruffan Faransa. Mai karatu a Katsina kan yi tuntuɓe da ita, kuma manhajar bincike ba za ta gane ta da caji abu ɗaya ba ne. Wannan asara ce da ake iya kaucewa, domin baƙaƙen bai-ɗaya na harsunan Kamaru da aka tsara a 1979 suna da c da j da ɓ da ɗ, daidai da bokon Hausa. Abin da ya rage shi ne yaran unguwa su koye su.

Aron da ba a gani

Rukunin da ya fi damuna shi ne wanda babu kalmar Turanci ko ɗaya a cikinsa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na RFI a 2007, kuma ɗakunan fassarar labarai sun yaɗa irin su tsagaita wuta, ɗaukar mataki, taka muhimmiyar rawa. Wasunsu sun yi amfani ƙwarai, sun ba mu bakin zancen siyasar duniya. Sai dai a Yawunde ƙirar tana samun mataimaki, domin Ingilishi da Faransanci sun yi tarayya a yawancin waɗannan zantuka, har ba a iya rantsuwa a kan wanda ya kawo wata. Kunne na jin abu ɗaya daga rediyo da safe, ya sake jin sa daga abokin ciniki da rana.

Misalin "ɗauka" ya isa. Harsunan biyu suna "ɗaukar" tasi, kuma yanzu ana jin matashi yana cewa, "Na ɗauki benskin zuwa Mokolo." Mai gyaran harshe zai kama benskin, alhali ba ta taɓa komai a nahawu ba. Aikatau ne ya juya. A Hausa mutum hawa babur yake yi, ya shiga mota, direba kuma shi ke ɗaukar fasinja. Kakar yaron, idan ta ji jimlar, tana iya zaton a ka ya ɗora babur ɗin.