Asalin sabulun salo

Gaya gari ne a bakin kogin Kwara, a jihar Dosso. Gada ce kawai ta raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba kuwa ta Najeriya tana nan kusa. Duk faɗin Nijar a wannan yanki ruwan sama ya fi sauka, shi ya sa kaɗanya ke tsayawa a gonaki, karan gero da na dawa kuma su yi kauri. Kaɗanya da kara, su ne iyayen sabulun salo.

Da ma toka ba baƙuwa ba ce a madafa. Matan Hausa sun daɗe suna tace ruwanta su zuba a miya maimakon kanwa, kuma duk mai wankin tukwane ta san toka na cire maiƙo. Idan aka dafa ruwan nan da mai, sai su biyun su rikiɗe su zama abu na uku mai kumfa. Mutanen Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau, sun rubuta irin wannan haɗi a allunan yumɓu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A kudu Yarabawa na ƙona ɓawon koko da na ayaba su haɗa da man alayyadi. Kowace ƙasa dai da abin da gonarta ke bayarwa.

Aikin yana son haƙuri. Bayan girbi a tara kara a ƙone, a kwashe tokar a zuba a tukunya mai huji a gindi, a riƙa zuba ruwa yana ɗiga sannu sannu cikin kasko. Sai a ɗora ruwan tokar a wuta har ya ƙafe ya yi ƙarfi. A nan ne ake zuba man kaɗe, ko man gyaɗa, ko kitsen shanu, a yi ta tuƙawa da muciya kamar mai tuƙa tuwo, har ya yi duhu ya kama jikinsa. In ya huce a dunƙula.

Gwaninta tana wurin awo. Toka ta yi yawa, sabulu ya ci hannu. Mai ya yi yawa, ya ƙi kumfa. Gwanar mace takan bar man kaɗe ya ɗan rinjaya, kuma wannan ɗan ragowar ne ke hana hannu bushewa da kaushi lokacin hunturu.

Turawa sun jima suna dogara da toka su ma, sai a 1791 wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya samo hanyar fitar da soda daga gishiri. A 1823 wani masani mai suna Chevreul ya bayyana yadda mai ke rabuwa ya ba da sabulu da gilisarin, sinadarin da ke tausasa fata. Masana'antu da yawa kan tsame gilisarin su sayar daban, na gida kuwa da abinsa yake zuwa.

Yau mata da dama sun koma soda ta kasuwa don ta fi sauri. Ba laifi, amma tana ƙona fata da ido, dole a auna ta da sikeli, a sa safar hannu, a bar sabulun ya sha iska kamar mako 4 kafin a taɓa wanka da shi.