Sabar ko-ta-kwana: yadda take kare rumbun bayanai, da inda ƙarfinta ya tsaya

Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun adana bayanai na banki, asibiti ko hukumar zaɓe. Tun da na'ura na iya mutuwa ba zato, ana ajiye wata a gefe tana kwafe duk abin da aka shigar a ta farkon. Ita ce sabar ko-ta-kwana.

Sabobin biyu suna aika wa juna sigina a kai a kai. Da zarar ta farkon ta yi shiru, sai ta biyun ta karɓi aikin. Idan kwafin yana tafiya nan take, ba a rasa komai, sai dai aiki ya ɗan yi nauyi. Idan yana zuwa da jinkiri, bayanan ƙarshe na iya salwanta. Akan ƙara ta uku, domin kada a zauna da guda ɗaya tilo bayan sauyin, kuma domin rinjaye ya raba gardama idan layin da ke tsakaninsu ya yanke, kowace ta ɗauka ita ce shugaba.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon 'yan majalisar tarayya ya shiga shafin IReV na hukumar INEC, na shugaban ƙasa kuwa ya maƙale na sa'o'i. Rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024 ya ɗora laifin a kan kuskuren tsara manhaja. Irin wannan kuskure yana bin kwafi: abin da ya kayar da sabar farko shi zai kayar da ta biyu.

Haka ma ba ta maganin katsewar sadarwa. Lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara a Satumban 2021, mutumin Anka, Gummi ko Bukkuyum ba shi da hanyar isa ga kowace saba, komai yawansu.

Don haka, idan wata hukuma ta ce tana da sabar ko-ta-kwana, tambayoyin da suka dace su ne: a ina take, yaushe aka gwada sauyawa zuwa gare ta, kuma wa ya shaida gwajin?