Tagwayen Waya da Muryar Maƙwabci

Duk wanda ya yi amfani da tarhon girke a shekarun baya zai tuna wani abu: kana cikin magana da ɗan'uwanka sai ka ji wata murya can ƙasa-ƙasa, wasu mutane biyu da ba ka sani ba suna cinikinsu. Injiniyoyin tarho sun san dalili tun ƙarni na 19. Lantarkin da ke gudana a waya ɗaya yana haifar da filin maganaɗisu a kewayensa, wayar da ke kwance kusa da ita kuma sai ta kwashi wani abu daga ciki. Katsalandan ke nan, kuma shi ne abokin gabar da wannan fanni ya shafe fiye da shekara ɗari yana kokawa da shi.

Maganin farko tufka ce. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa wayoyi biyu na jan ƙarfe a jikin juna kamar igiya, ta yadda duk hayaniyar da ta faɗo daga waje za ta taɓa tagwayen daidai wa daida, na'urar da ke ƙarshe kuma ta karanta bambancin da ke tsakaninsu kawai. Daga baya masu ƙera kebul suka riƙa ba kowace tagwaye nata tsaurin tufka, don kada maƙwabta biyu su yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wannan ya wadatar muddin murya kaɗai ake ɗauka, domin muryar tarho ba ta wuce kilohaz 3.4 ba. Amma katsalandan yana ƙaruwa yayin da aka hau zango na sama, kuma a saman ne sararin ɗaukar bayanai yake.

Shi ya sa a shekarun 1980 galibin masana suka ɗauka wayar tarho ta kai iyakarta. Joseph Lechleider, wani injiniya a Bellcore, cibiyar bincike ta kamfanonin tarhon Amurka, ya dubi matsalar daga inda ta fi tsanani, wato bakin cibiyar tarho. A nan ne ɗaruruwan tagwaye suke haɗuwa a dami guda. Siginar da ke fita zuwa gidaje tana da cikakken ƙarfinta, wadda ke shigowa daga gidaje kuwa ta riga ta galabaita da tafiyar kilomita uku ko huɗu. Mai ƙarfi sai ta danne mai rauni, kamar mai raɗa a gefen maroƙi. ’Yan fannin suna kiran wannan katsalandan na kusa. Shawarar Lechleider ita ce a daina neman daidaito: a ba hanyar sauka zuwa gida faɗi mai yawa, a bar wa hanyar hawa ɗan siririn wuri. Da aka tsara ADSL, fasahar da aka gina kan wannan shawara, hawa ya samu daga wajen kilohaz 25 zuwa 138, sauka kuma ya ɗauki sauran har zuwa 1,104. Tun da ba zango ɗaya suke ba, mai fita ya daina toshe wa mai shigowa kunne.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne ba don intanet aka yi wannan ba. Kamfanonin tarho fina-finai suke so su aika gidaje, su yi gogayya da masu talabijin na kebul. Kasuwar fim ɗin ba ta tashi ba a lokacin, intanet ce ta zo ta tarar da hanya a share.

Saura tambayar yadda za a ɗora bayanan a kan wayar, kuma a nan aka yi rigimar da tsofaffin fannin har yau suke ba da labarinta. Ɓangare ɗaya, da AT&T a gaba, yana goyon bayan aika komai a sigina ɗaya mai faɗi. John Cioffi, farfesa a Jami'ar Stanford wanda ya kafa ƙaramin kamfani mai suna Amati a 1991, ya ce a yanka zangon gida 256, kowane gida faɗinsa kilohaz 4.3125, a ɗauki kowanne tamkar ƙaramin modem mai cin gashin kansa. Da an kunna layi, na'urorin biyu za su gwada kowane gida. Wanda yake tsaf a ɗora masa bit har 15, wanda hayaniya ta cika a rage masa kaya, wanda ya lalace a tsallake shi. Idan gidan rediyo mai watsa shiri a matsakaicin zango yana kusa da unguwa, siginarsa tana shiga wayar tarho, amma gidajen da ta faɗa wa kaɗai za a rasa, sauran su ci gaba da aiki. Wannan ita ce DMT.

Masu suka suka ce lissafin ya yi wa na'urorin zamanin nauyi, kuma zai ci wuta. Ba ƙarya suka yi ba. Amma a farkon 1993 Bellcore ta shirya gwaji, wanda ’yan fannin suka laƙaba wa suna gasar Olamfik ta ADSL, aka jona na'urorin kowane ɓangare a layuka iri ɗaya da hayaniya iri ɗaya. Na'urar Amati ta kai megabit 6 a daƙiƙa, ta bar sauran a baya, kwamitin ƙa'idoji na Amurka kuma ya zaɓi DMT. A 1997 Texas Instruments ta sayi Amati kan dala miliyan 395, a 1999 kuma Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta mayar da tsarin ƙa'idar duniya.

Najeriya ba ta ɗanɗani wannan zamani sosai ba. Layukan girke kaɗan ne a ƙasar lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, don haka mafi yawan mutane ta iska suka fara shiga intanet.

A Turai da Amurka kuwa, inda kusan kowane gida yake da tagwayensa, ƙishin gudu bai kwanta ba. Aka ja zaren gilashi zuwa akwatunan bakin titi, jan ƙarfe ya rage ’yan ɗaruruwan mitoci, sabon tsari mai suna VDSL2 na 2006 ya hau har megahaz 17 da 30. Sai wani abokin gaba da aka daɗe ana rainawa ya miƙe, wato katsalandan na nesa: siginonin da ke tafiya gefe ɗaya suna zuba cikin juna a tsawon hanya. Raba zango ba ya maganinsa, domin duk hanyarsu ɗaya. Ma'aikatan layi sun san alamarsa sarai. Mutumin farko da ya karɓi VDSL2 a unguwa yana samun gudu mai kyau, maƙwabta suna shiga gudunsa yana raguwa, alhali ba abin da ya taɓa wayarsa.

A ganin mai wannan rubutu, abin da ya biyo baya shi ne tunani mafi kyau da fannin ya taɓa haifarwa. Duk dabarun baya na kauce wa katsalandan ne. A 2002 George Ginis da Cioffi suka wallafa takarda da ta nuna ba sai an kauce ba. Hayaniyar da ke damun layin wani ba baƙuwa ba ce, bayanan maƙwabcinsa ne, kuma akwati ɗaya ne ya aika duka biyun. Ke nan akwatin ya san abin da zai zuba tun kafin ya zuba. Idan ya auna yawan abin da kowane layi yake ɗiga wa kowane, zai iya cakuɗa kishiyar ɗigon a cikin siginar tun daga tushe, yadda maharbin da ya san iska za ta kaɗa kibiyarsa yake ɗan karkata saiti. Sigina ta fita a gurɓace da gangan, kebul ya ƙara mata nasa gurɓacin, ta isa gida a wanke. A hanyar hawa kuma akwatin yana karɓar dukan layukan tare, ya cire na kowa daga na kowa.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Akwati mai layi 192 yana da alaƙa 36,864 tsakanin layukansa, kuma kowace alaƙa tana da nata ma'auni a kowane ɗaya daga gidajen zango wajen 4,000 na VDSL2. Sama da lamba miliyan 140 ke nan, ana aiki da su sau 4,000 a kowace daƙiƙa, modem ɗin gida yana mayar da rahoton kuskuren da ya gani don a gyara awon. Sai da aka jira na'urori suka kamo tunanin. ITU ta amince da ƙa'idar, G.993.5, a 2010, Alcatel-Lucent ta fito da kayan kasuwa a 2011, Belgacom ta Beljiyam tana cikin waɗanda suka fara shimfiɗawa. Layin da ya makale a megabit 40 ko 50 ya koma kusa da 100.

Sai dai dabarar tana da sharaɗi mai tsauri: dole dukan layukan da ke dami ɗaya su kasance a hannun na'ura ɗaya. Layi guda na wani kamfani da ya ratsa damin ya isa ya ɓata lissafin, domin akwatin bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Turai kuwa ta shafe shekaru tana tilasta wa tsofaffin kamfanonin tarho su ba masu gogayya da su hayar tagwaye. A Jamus maganar ta kai gaban hukumar kula da sadarwa, wadda a 2013 ta yarda kamfani ɗaya ya riƙe akwati, sauran su sayi hidima daga hannunsa, a 2016 kuma ta faɗaɗa izinin zuwa layukan da ke kusa da cibiyoyin tarho, inda Deutsche Telekom ta kwashi kaso mafi tsoka. Ƙananan kamfanoni suka yi kuka cewa an mayar da kasuwa hannun babba, kuma an jinkirta kai zaren gilashi har cikin gida. Kukan nasu yana da tushe, ko da yake miliyoyin gidaje sun samu gudun da da sai sun jira haƙa titi kafin su gani.

Tsarin da ya biyo baya, G.fast, wanda ITU ta amince da shi a Disamban 2014, ya hau zuwa megahaz 106, daga baya 212, yana neman gigabit guda a layin da bai wuce mita ɗari ba. A wannan tsayi katsalandan yakan kai ƙarfin siginar kanta, har injiniyoyi suka fara ɗaukar damin gaba ɗaya a matsayin hanya guda mai bakuna da yawa, ɗigon maƙwabci ma ana iya sa shi ya taya isar da saƙo. Swisscom ta fara sayar da shi a Suwizalan a 2016, a kan tagwayen jan ƙarfe masu irin tufkar da Bell ya yi wa rajista shekara 135 kafin nan.