Rumbun bayanai mai tsarin ƙunshi: inda ya kai da abin da ya rage

Rumbun bayanai mai tsarin ƙunshi hanya ce ta adana bayanai a kwamfuta, inda ake tattara duk abin da ya shafi mutum ko kaya wuri guda, haɗe da alaƙarsa da sauran abubuwa. Ya sha bamban da tsarin jadawali da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970, mai rarraba bayanai a layuka.

A ɗauki misalin dillalin shanu a kasuwar Gariki ta Ugwuoba a jihar Inugu. A tsarin jadawali, sunansa na shafi ɗaya, dabbobinsa na wani, basussukan mahauta na wani daban, sai an harhaɗa kafin a san matsayinsa. A tsarin ƙunshi kuwa, da zarar an kira sunansa komai zai biyo baya.

A 1989 Malcolm Atkinson da wasu masana biyar suka fayyace sharuɗɗan tsarin a wani taro a Kyoto ta ƙasar Japan. An kafa ƙungiyar ODMG a 1991 domin samar da ƙa'ida ta bai-ɗaya, aka rushe ta a 2001. Manhajoji irin su GemStone da ObjectStore sun samu karɓuwa a harkar kuɗi da sadarwa, amma ba su ture tsarin jadawali ba. Hasali ma harshen SQL, wanda ake tambayar rumbunan jadawali da shi, ya aro wasu dabarun ƙunshi a 1999.

Manyan ƙalubalen su ne rashin harshen tambaya da kowa ya amince da shi, da ƙarancin ƙwararru, da wahalar kwashe bayanai daga wata manhaja zuwa wata.

Wannan matsala ta rashin daidaito tsakanin rumbuna ta shafi Nijeriya, kowane tsari hukuma ta zaɓa. Lambar BVN ta bankuna ta fara aiki a 2014, sannan a Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layukan waya da lambar NIN ta hukumar NIMC. Ɗan kasuwa a Anacha ko Fatakwal da aka rubuta masa Muhammadu a wani rumbu, Mohammed a wani, yana iya shan wahala a banki kafin ya taɓa kuɗinsa. Komai ingancin rumbu, amfaninsa ragagge ne muddin bai yi magana ɗaya da sauran ba.