Fitsari, Jini da Jami'an Kwastan: Tarihin Gwajin Ƙwaya a Tseren Keke

Ranar 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson, ɗan Ingila mai shekara 29, yana hawan dutsen Ventoux a kudancin Faransa a gasar tseren keke ta Tour de France cikin tsananin zafi, sai keke ya fara tangaɗi da shi. Ya faɗi, aka ɗaga shi aka mayar kan sirdi, ya ɗan taɓa gaba ya sake faɗuwa. Bai ƙara tashi ba. An tarar da ƙwayoyin amfetamin a aljihun rigarsa, binciken gawa kuma ya nuna ya haɗa su da giya. Abin da ke ci mini rai shi ne a lokacin an riga an soma gwaji. Faransa ta kafa dokar hana shan maganin ƙara kuzari a wasanni tun 1965, kuma a 1966 aka fara karɓar fitsarin 'yan tseren Tour de France a garin Bordeaux. Washegari suka sauko daga kekunansu suka tura su da hannu don nuna fushi. A ganinsu ƙwaya kayan aiki ce, kuma ba su suka fara ba: tun 1924 Henri Pélissier da ƙanensa Francis suka buɗe wa ɗan jarida Albert Londres jakarsu, suka nuna masa hodar ibilis da ƙwayoyin da suke sha don su jure hanya.

Gwajin farko ba shi da wuyar kaucewa. A 1978 Michel Pollentier na Beljiyam ya ci zangon Alpe d'Huez na Tour ya karɓi rigar ɗorawa, wadda ta jagoran gasa ce, sai aka kama shi da robar fitsarin wani a hammata, da siririn bututu da ya bi ta cikin riga. Idon likita ne ya kama shi, ba na'ura ba.

Aikina ke nan, gwajin jini da fitsari a ɗakin gwaji na asibiti, shi ya sa zamanin EPO ya fi tsaya mini a rai. EPO sinadari ne da ƙoda ke fitarwa don ya sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara sayar da na kamfani, domin masu ciwon ƙoda da jininsu ke ƙarewa. Magani ne na ceton rai. To amma jan jini shi ke kai iska ga tsoka, don haka lafiyayyen da ya yi allurarsa zai hau dutse bai yi hakin da ya kamata ba. Fiye da shekara goma babu gwajin da ke rarrabe na kwalba da na jiki. Da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta rasa yadda za ta yi, sai a 1997 ta sa iyaka: duk wanda jajayen ƙwayoyinsa suka haura kashi 50 cikin 100 na jininsa, ya huta sati biyu. Wannan shi ne gwajin PCV da muke yi wa mata masu zuwa awo kullum. Duk wanda ya taɓa yin sa ya san adadin yana hawa yana sauka. Ƙishirwa tana ɗaga shi, leda ɗaya ta ƙarin ruwa tana sauke shi. Ƙungiyoyin tsere suka sayi tasu na'urar, suna auna yaransu a ɗakin otal, suna tsayar da su a 49. Iyakar da aka sa don hani ta koma ma'aunin da kowa ke cikowa. Ta dai kama wasu, kamar Marco Pantani, wanda aka kora daga gasar Italiya a Yunin 1999 yana gab da cin ta. Bai sake komawa daidai ba, ya rasu a 2004 a wani otal a Rimini.

Wanda ya tona asirin zamanin EPO jami'in kwastan ne. Ranar 8 ga Yuli, 1998, aka tsayar da motar Willy Voet, mai yi wa 'yan ƙungiyar Festina tausa, a iyakar Beljiyam da Faransa kusa da Lille. Aka sami ɗaruruwan kwalaben EPO da sauran magunguna. 'Yan sanda suka shiga otal-otal, aka kori Festina daga Tour de France, wasu ƙungiyoyi suka janye da kansu. Cikin mutum 189 da suka fara gasar, 96 ne suka isa Paris. Wannan abin kunya ne ya haifi hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, a 1999. A 2000 kuma Françoise Lasne da Jacques de Ceaurriz, na ɗakin gwajin Châtenay-Malabry, suka fitar da hanyar gano EPO a fitsari. Ina ganin girman mutanen nan biyu, don na san irin haƙurin da aikin yake ci.

Sai dai gwajin yana ganin maganin ne na ɗan lokaci, alhali amfaninsa yana daɗewa makonni a jiki. Likitocin 'yan tsere suka koma ba da shi kaɗan-kaɗan ta jijiya da dare, kafin gari ya waye ya ɓace. Suka kuma dawo da tsohuwar dabara: a ɗebi jinin mutum a ajiye a firji, a mayar masa ana tsakiyar gasa. Ledojin jini kusan 200 da 'yan sandan Sifaniya suka samu a wurin Dakta Eufemiano Fuentes a Madrid a 2006, na wannan aikin ne.

A cikin wannan hali Lance Armstrong na Amurka ya ci Tour sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, kuma duk wanda ya tambaye shi amsarsa ɗaya ce: an gwada shi sau ɗaruruwa ba a kama shi ba. Ko wannan ma ba gaskiya ba ce. A 1999 an ga maganin kotizon a fitsarinsa, aka rufe maganar da takardar likita da aka mayar wa kwanan wata baya. A 2005 jaridar L'Équipe ta buga cewa fitsarinsa na 1999 da aka daskarar, da aka sake dubawa da sabon gwaji, shida daga ciki sun nuna EPO. Ba a hukunta shi ba sai 2012, bayan hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta Amurka, USADA, ta tattara shaidu 26, cikinsu 11 tsofaffin abokan ƙungiyarsa. A Janairun 2013 ya amsa da bakinsa a shirin Oprah Winfrey.

Ni waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu faɗin gaskiya tun ba a son ji. Christophe Bassons yana cikin Festina amma bai sha ba. Da ya yi magana a 1999, sauran 'yan tsere suka juya masa baya har ya bar gasar Tour. Emma O'Reilly, mai yi wa Armstrong tausa, ta faɗi abin da ta gani, aka ci mutuncinta a bainar jama'a. Takardar sakamako mai cewa babu komai ita aka riƙa ɗagawa ana ƙaryata su. Mu masu sa hannu a irin wannan takarda mun san abin da take nufi: abin da muka nema, da kayan aikin da muke da su, ba mu gan shi a wannan kwalbar ba a wannan rana. Iyakarta ke nan.

Ba na cikin masu cewa gwaji aikin banza ne. Tun 2008 ake ajiye tarihin jinin ƙwararrun 'yan tsere, ana kwatanta na yau da na watannin baya, kuma wannan ya rage ta'asar da aka yi a shekarun 1990. Yanzu ana adana jini da fitsari har shekara goma. Na'urori sun yi kaifin da kansa ya zama abin gardama. A 2010 an ga ɗan ɗigon kilenbuterol, maganin da aka haramta, a fitsarin Alberto Contador, ya ce daga naman shanu ne, aka ƙwace kambinsa na Tour a 2012. A 2017 aka sami maganin asma a jikin Chris Froome ninki biyu na abin da aka yarda, aka wanke shi a 2018. Har yau masu bin gasar ba su daidaita kan waɗannan hukunce-hukunce biyu ba, kuma duk yaron da ya hau dutse da saurin ban mamaki, zargi na biye da shi ko da bai taɓa ganin allura ba.

A farkon 2019, shekara goma sha ɗaya bayan fara ajiye tarihin jini, wani ɗan wasan ƙanƙara na Ostiriya, Johannes Dürr, ya yi bayani a talabijin ɗin Jamus. Daga bakinsa 'yan sanda suka bi sawu zuwa Seefeld da Erfurt, suka kama Dakta Mark Schmidt da ledojin jininsa. 'Yan tseren keke irin su Georg Preidler da Stefan Denifl suka amsa laifi. A Janairun 2021 kotu a Munich ta ɗaure likitan shekara huɗu da wata goma.